George Dantzig da Ilimin Tsara Ayyuka: Nazari a kan Rayuwar Wani Shaihun Malami

Gabatarwa

Duk wanda ya taɓa riƙe ragamar wani aiki, ko da na cikin gida ne, ya san cewa abin hannu ba ya isar bukata. Mai masaƙa yana da zare ƙayyadajje da injuna ƙidayayyu, mai motocin sufuri yana da man da ba zai kai shi ko'ina da ko'ina ba, haka kuma manomi ba zai shuka gero da gyaɗa da auduga a kan kadada guda a damina guda ba, sai ya zaɓa. Tambayar da take gaban kowannensu ɗaya ce, watau yaya za a rarraba ɗan abin da ake da shi domin a sami amfani mafi yawa, ko a kashe kuɗi mafi ƙaranci. Shekaru aru-aru amsar wannan tambaya tana hannun gogewa da ƙiyasi da umurnin shugaba. Sai a shekarar 1947 wani masanin lissafi ɗan ƙasar Amurka mai suna George Bernard Dantzig ya fito da hanyar da za a bi a lissafa amsar daki-daki, ba tare da kirdado ba.

Maƙasudin wannan maƙala shi ne bin sawun rayuwar aikin wannan malami, wanda ya koyar a sashen injiniyancin masana'antu na Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley, daga baya kuma a Jami'ar Stanford, tare da bayyana ainihin abin da ya gano. Da yake fannin baƙo ne a rubutun Hausa, tilas a yi masa kalmomi. A nan za a kira babban fannin da sunan "binciken sarrafa ayyuka", a kira reshen da Dantzig ya assasa "miƙaƙƙen tsari", dabarar warware shi kuwa a bar ta da sunanta na asali, a Hausance shi zuwa "simfileks". Dalilin zaɓen kalmar "miƙaƙƙe" zai fito a gaba.

Tasowarsa

An haifi Dantzig ranar 8 ga Nuwamba, 1914, a garin Portland na Jihar Oregon. Iyayensa baƙi ne daga daular Rasha ta wancan zamani, sun haɗu a birnin Faris inda mahaifinsa, Tobias Dantzig, ya yi karatun lissafi a zamanin shahararren malamin nan Henri Poincaré. Da suka isa Amurka Tobias bai sami aikin ilimi nan take ba, sai da ya yi saran itace da aikin hanya kafin ya kai ga kujerar koyarwa a Jami'ar Maryland. Mahaifiyarsa, Anja Ourisson, masaniyar harsuna ce, ta yi aiki a babban ɗakin karatu na majalisar dokokin Amurka. Sunan yaron ma daga marubucin nan George Bernard Shaw aka ɗauko shi, da fatan ya zama marubuci.

Masu iya magana sun ce barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe, amma shi George da rarrafen ya fara, domin a farkon karatunsa na sakandare lissafin aljabara ya ba shi wuya. Abin da ya gyara shi shi ne dubban matsalolin ilimin siffofi da mahaifinsa ya riƙa ɗora masa, in ya warware ɗaya a miƙa masa wata. Ya sami digirin farko a lissafi da kimiyyar fiziya a Maryland a 1936, digiri na biyu a Jami'ar Michigan a 1937, sa'an nan ya yi shekara biyu yana aikin ƙididdiga a ofishin ƙididdigar ƙwadago na gwamnatin tarayya a Washinton. A 1939 ya tafi Berkeley neman digirin digirgir a wajen Jerzy Neyman, ɗaya daga cikin iyayen ilimin ƙididdiga na zamani.

A nan ne abin nan da aka fi saninsa da shi a wajen jama'a ya auku. Wata rana ya makara zuwa aji, ya tarar da matsaloli biyu rubuce a allo, ya ɗauka aikin gida ne, ya kwafe su. Bayan 'yan kwanaki ya kai wa malamin amsa, yana ba da haƙurin jinkiri, domin aikin ya ɗan fi na kullum tsauri. Sai da aka yi kusan mako shida, ran wata Lahadi da sassafe, Neyman ya zo yana buga masa ƙofa. Ashe matsalolin ba aikin gida ba ne, wasu matsaloli ne na ilimin ƙididdiga da har lokacin ba wanda ya warware su. An buga amsar ta farko a 1940, ta biyu kuma a 1951 da sunansa da na Abraham Wald, wanda shi ma ya kai ga amsar ta tasa hanyar. Su ne kuma suka zama kundin digirinsa. Masu wa'azin ƙarfafa zuciya sun yi ta yawo da wannan labari suna cewa rashin sanin wuyar abu shi ke sa a ci nasara a kansa. Wannan rabin magana ne, domin ɗaliban da suka taɓa makara zuwa aji ba su ƙirguwa, amma ba kowannensu ne ya taso da dubban matsalolin siffofi a gidan ubansa ba.

Daga Fagen Yaƙi zuwa Dabarar Simfileks

Daga 1941 zuwa 1946 Dantzig ya yi aiki a ofishin ƙididdiga na rundunar mayaƙan sama ta Amurka. Aikin ofishin shi ne tattara alƙaluman jirage da tashinsu da asararsu, da kuma shirya abin da sojoji suke kira "tsari", watau jadawalin da zai nuna matuƙa nawa za a horar, a wane wata, jirage nawa za a ƙera, kayan gyara nawa za a aika wane sansani. Daga wannan kalma ta soja sunan fannin ya samo asali, ba daga rubuta umurnin kwamfuta ba, kamar yadda wasu suke zato. Shirya tsari guda yakan ci watanni, ana yi da hannu da ƙananan injunan lissafi na kan tebur. Bayan yaƙi ya koma Berkeley ya karɓi digirinsa a 1946, sa'an nan ya komo hedikwatar tsaro ta Pentagon a matsayin mai ba da shawara kan lissafi, aka ɗora masa nauyin nemo hanyar da inji zai riƙa yin wannan aiki.

Ya kamata mai karatu ya san girman abin da ake fuskanta. Dantzig da kansa yakan ba da misalin mutum saba'in da za a raba wa ayyuka saba'in, kowa guda. Mutum uku da aiki uku hanyoyin rabonsu 6 ne. Mutum goma hanyoyinsu 3,628,800 ne. In an kai saba'in, yawan hanyoyin ya zarce lamba ɗaya mai sifiri ɗari a bayanta, adadin da babu injin da zai iya bin sa ɗaya bayan ɗaya ko da zai yi ta aiki tun farkon duniya. Saboda haka ba saurin inji kaɗai ake bukata ba, ana bukatar hanyar da za ta tsallake kusan dukkan zaɓuɓɓukan ba tare da ta tsallake mafi kyawunsu ba.

Haske na farko ya zo masa daga aikin Wassily Leontief, wanda ya siffanta tattalin arzikin Amurka a matsayin babban jadawali, kowace masana'anta tana cin kayan wasu tana kuma ciyar da wasu. Dantzig ya ga cewa yawancin ayyukan tsari ana iya rubuta su haka: ga ayyuka, kowanne yana cin wani abu yana samar da wani, ga kuma iyakokin da ba za a ƙetare ba. Haske na biyu, wanda shi kansa yake ganin ba ƙaramin abu ba ne, shi ne fayyace manufa. Kafin lokacin, in zaɓi ya yi yawa sai a tambayi babban hafsa, shi kuwa ya kafa doka bisa gogewarsa, dokokin su taru su zama ɗaruruwa, har su rufe ƙofar zaɓin da ya fi kyau ba wanda ya sani. Dantzig ya ce a faɗi abin da ake nema tun farko a cikin lissafi, in rage kuɗi ne, in ƙara yawan jirage ne, sa'an nan a bar lissafin ya nemo hanya. Haske na uku shi ne dabarar simfileks, wadda ya kammala a daminar 1947.

Misalin Kafinta

Gani ya kori ji. A ɗauka akwai wani kafinta da yake yin tebur da kujera. A mako yana samun katako 40, yana kuma da awa 36 ta aiki. Tebur guda yana cin katako 4 da awa 2, ribarsa naira 5,000. Kujera guda tana cin katako 2 da awa 3, ribarta naira 4,000. Tebur nawa da kujera nawa ya kamata ya yi?

Hankalin farko zai ce a bi tebur, tun da shi ya fi riba. In ya yi haka, katakonsa zai ƙare a kan tebur 10, ribarsa naira 50,000, amma awa 20 kawai ya yi aiki, saura awa 16 yana zaune. To, sai ya sake tambaya: in aka rage tebur guda fa? Katako 4 za su dawo, su kuwa kujera 2 ne. Ya yi asarar 5,000, ya sami 8,000, ya ƙaru da 3,000 ke nan. Amma wannan musaya tana cin lokaci, domin awa 2 ta dawo, awa 6 ta fita, an ƙara awa 4. Tun da awa 16 ce ta yi saura, sau huɗu kaɗai zai iya yin musayar. A nan zai tsaya a kan tebur 6 da kujera 8, katako ya ƙare daidai, lokaci ya ƙare daidai, riba ta kai naira 62,000. In ya ce zai ci gaba da rage tebur, yanzu lokaci ne ya ɗaure shi: ajiye tebur 3 zai ba shi awa 6, watau kujera 2, ya bar 15,000 ya kama 8,000. Ba riba. In kuma ya koma baya, ya san inda ya fito. Saboda haka tebur 6 da kujera 8 ita ce amsa.

Abin da kafintan ya yi shi ne simfileks a taƙaice. In aka zana dukkan haɗe-haɗen tebur da kujera da za su yiwu a kan takarda, za su cika wani fili mai gefuna miƙaƙƙu da kusurwa huɗu: kada a yi komai, tebur 10 zalla, tebur 6 da kujera 8, sai kujera 12 zalla mai ribar naira 48,000. Gefunan sun miƙe ne domin tebur biyu suna cin ninki biyu na abin da tebur ɗaya yake ci, suna kuma kawo ninki biyu na ribarsa, ba lanƙwasa. Dalilin kiran fannin "miƙaƙƙen tsari" ke nan. A irin wannan fili, matuƙar akwai amsa mafi kyau, to za a same ta a wata kusurwa. Kuma filin ba shi da loko, saboda haka kusurwar da ta fi duk maƙwabtanta ta fi kowace kusurwa baki ɗaya. Dabarar ita ce a fara daga wata kusurwa, a duba gefen da riba take hawa, a bi shi zuwa kusurwa ta gaba, a yi ta haka har a iso inda ba sauran hawa. A masana'anta ta gaske kayan ba biyu ba ne, dubbai ne, filin kuwa ba ya zanuwa a takarda, amma tafiyar ɗaya ce.

Abin mamaki, da farko Dantzig bai yarda da dabarar tasa ba. Yana ganin bin gefe-gefe a jikin siffa mai miliyoyin kusurwoyi zai zama yawo marar iyaka. Sai da ya dubi matsalar ta wata fuska ta ilimin siffofi, wadda ya riga ya yi amfani da ita a kundin digirinsa, sa'an nan ya ga alamar tafiyar za ta yi gajarta. Ashe aikin gidan nan na kuskure bai gama biyansa ba.

A watan Oktoba na 1947 ya je Princeton wajen John von Neumann, wanda ake ganin ba a fi shi kaifin lissafi ba a zamanin. Dantzig ya fara bayani dalla-dalla, von Neumann ya ƙosa ya ce ya faɗi magana a taƙaice. Da ya rubuta matsalar a allo cikin minti guda, sai von Neumann ya miƙe ya yi masa lacca ta sama da awa ɗaya a kanta, domin ya gane 'yar'uwar ka'idar wasanni ce, wadda shi da Oskar Morgenstern suka wallafa littafi a kanta a 1944. A ranar Dantzig ya fara jin abin da za a kira "tagwaitaka", watau kowace matsalar neman riba tana da abokiyar tagwaicinta ta sa wa kayan aiki farashi. A koma wajen kafinta. In aka ƙara masa katako 8, sabuwar amsa za ta zama tebur 9 da kujera 6, riba 69,000, ƙarin 7,000, watau naira 875 a kan kowane katako. In awa 4 aka ƙara masa, zai yi tebur 5 da kujera 10, riba 65,000, watau naira 750 a kan kowace awa. Waɗannan su ne ɓoyayyun farashin kayansa. In aka yi masa tayin ƙarin katako da tsadar da ta ɗara wadda ya saba da fiye da naira 875, kada ya saya. Kuma in aka lissafa katako 40 a kan 875 da awa 36 a kan 750, za a sami 35,000 da 27,000, jimla 62,000, daidai da ribarsa ba ragi ba ƙari. Sau da yawa wannan sani ya fi amsar kanta amfani ga mai masana'anta, domin shi yake nuna masa inda takalmi yake matsa shi.

Gwajin Abinci

Babban gwaji na farko an yi shi a ƙarshen 1947 a kan wata matsala da masanin tattalin arziki George Stigler ya wallafa a 1945: daga cikin nau'in abinci 77, wane haɗi ne zai ba namiji baligi sinadarai 9 da jikinsa yake bukata a kan kuɗi mafi ƙaranci? Stigler ya yi ta zubar da nau'o'in da ya ga ba su da amfani har ya tsaya a kan dala 39.93 a shekara bisa farashin 1939. Jack Laderman na hukumar ma'auni ta Amurka ya tara akawu tara da injunan tebur, suka bi dabarar simfileks, aikin da ya ci kimanin kwana 120 in mutum ɗaya ne zai yi shi. Amsa ta fito dala 39.69. Ƙiyasin Stigler ya kauce da santi 24 kacal a shekara, abin da ya isa a jinjina wa gogewa. Sai dai shi Stigler ba shi da hanyar tabbatar da cewa ba a iya sauka ƙasa da nasa, su kuwa akawun nan suna da ita. Abincin da lissafi ya zaɓa garin alkama ne da hantar sa da kabeji da alayyafo da busasshen wake, kullum, shekara guda cur.

Dantzig ya ba da labarin yadda ya gwada abin a kan kansa lokacin da likita ya ce ya rage ƙiba. Ya sa wa kwamfuta manufar ta nemo abincin da zai fi cika ciki ba tare da ya wuce ƙa'idar likita ba. Amsar farko ta haɗa da galan 500 na ruwan tsami, domin an yi kuskuren rubuta shi a matsayin abinci marar ruwa. Da aka cire shi, sai inji ya kawo dunƙulen ɗanɗanon miya 200 a yini, tun da ba wanda ya gaya masa gishiri yana da iyaka. Daga ƙarshe matarsa Anne ce ta karɓe ragamar cimar. Labarin na ban dariya ne, amma cikinsa akwai babban raunin fannin: lissafi yana amsa tambayar da aka yi masa ne, ba wadda aka yi nufin yi ba, kuma duk sharaɗin da aka manta, nan amsar za ta faɗa. Duk da haka da wannan hanya kamfanonin abincin kaji da na dabbobi suka koma haɗa abincinsu, domin kaza ba ta ƙorafin ɗanɗano.

Daga 1952 zuwa 1960 ya yi aiki a cibiyar bincike ta RAND da ke Santa Monica, shekarun da suka fi kowaɗanne albarka a rayuwarsa. A lokacin ne matatun mai suka rungumi dabarar wajen haɗa nau'o'in fetur, bayan aikin da Charnes da Cooper da Mellon suka wallafa a 1952 a kan man jirgin sama. A 1954 shi da Ray Fulkerson da Selmer Johnson suka warware matsalar fatake ta birane 49 na Amurka, watau gajeriyar hanyar da za ta zaga su duka ta komo mafari, suka kuma tabbatar ba wadda ta fi ta gajarta, alhali yawancin aikin da hannu suka yi shi. Dabarar da suka yi amfani da ita, ta ƙara sharaɗi a duk lokacin da amsa ta fito da gutsure, ita ce tushen maganin wata matsala da misalin kafinta ya ɓoye: an zaɓi alƙalumansa ne don amsa ta fito cif, amma sau da yawa lissafi yakan ce a yi tebur shida da rabi, rabin tebur kuwa ba ya sayuwa. A 1959 shi da John Ramser suka rubuta a kan rarraba motocin dakon fetur zuwa gidajen mai, a 1960 kuma shi da Philip Wolfe suka fito da hanyar tsattsaga babbar matsala zuwa ƙanana, kamar yadda hedikwata take sa wa rassanta farashi su kuma su kawo mata shawara.

A Kujerar Malanta

A 1960 ya koma Berkeley a matsayin shaihun malami a sashen injiniyancin masana'antu, ya kafa cibiyar binciken sarrafa ayyuka ya shugabance ta. Shigar masanin lissafi irinsa wannan sashe alama ce ta sauyin da fannin yake yi. Injiniyancin masana'antu na zamanin Frederick Taylor da su Gilbreth agogo ne a hannu, ana auna motsin lebura domin a rage masa ɓata lokaci. Na zamanin Dantzig kuwa ya ɗaga ido daga hannun lebura zuwa ga masana'antar baki ɗaya, da ma'ajinta da motocinta da kasuwarta. A 1963 Jami'ar Princeton ta buga babban littafinsa a kan miƙaƙƙen tsari, wanda ya daɗe yana zaman madogarar ɗalibai. A 1966 ya koma Stanford, a 1973 kuma ya kafa ɗakin binciken kyautata tsare-tsare a can, inda aka mai da hankali ga rubuta manhajojin da za su iya ɗaukar manyan matsaloli. Bayan tashin farashin mai na 1973 ya jagoranci gina wani babban samfurin lissafi mai suna PILOT, wanda ya haɗa makamashi da tattalin arzikin Amurka na shekaru masu zuwa. Ɗalibai fiye da hamsin suka yi digirin digirgir a hannunsa, cikinsu har da Richard Cottle da Ellis Johnson, waɗanda su ma suka zama manyan malamai.

A 1975 aka ba Leonid Kantorovich na Tarayyar Sobiyet da Tjalling Koopmans kyautar Nobel ta tattalin arziki saboda ka'idar rabon dukiya ta hanya mafi dacewa, aka bar Dantzig. Cancantar Kantorovich ba abin musu ba ce. Tun 1939, bayan da wata hukumar yin falankin katako a Leningirad ta kawo masa matsalar raba aiki ga injunanta, ya rubuta irin wannan lissafi, har da ɓoyayyun farashi. Amma a ƙasar da aƙidarta ta ce ƙwadago ne kaɗai tushen daraja, maganar farashin da ƙarancin kaya yake haifarwa abin tsoro ce, aikin nasa ya kwanta shekaru, mutanen Yamma ba su san shi sosai ba sai wajen ƙarshen shekarun 1950. Saboda haka Kantorovich ya riga, Dantzig kuwa bai kwafa ba, kuma dabararsa ce ta shiga masana'antu. Barinsa a waje kuskure ne, Koopmans ma haka ya gani, har ya ba da wani kaso na kuɗinsa ga cibiyar nazarin tsare-tsare ta ƙasa da ƙasa da ke Laxenburg a Austiriya, inda Dantzig ya taɓa shugabantar wani rukuni, domin girmama shi. Shi Koopmans ɗin ne ma ya raɗa wa fannin gajeren sunansa a 1948. Amurka ta ba Dantzig lambar kimiyya ta ƙasa ta 1975, Shugaba Gerald Ford ya miƙa masa ita.

Ita kanta simfileks ba ta tsira daga ƙalubale ba. A 1972 Victor Klee da George Minty suka ƙera wata matsala da gangan wadda take tilasta wa dabarar ta taka kowace kusurwa kafin ta isa, abin da Dantzig ya ji tsoro tun farko. A 1979 Leonid Khachiyan ya kawo hanyar da a ka'ida ba ta da wannan aibi, jaridun Amurka suka yi ta kururuwa, amma da aka gwada ta a aikace sai ta kasa kamo ƙurar simfileks. A 1984 Narendra Karmarkar ya kawo wata da take ratsawa ta tsakiyar fili maimakon bin gefe, ita kam ta yi tasiri, manyan manhajoji suka koma ɗauke da hanyoyin biyu. Dalilin da ya sa simfileks take sauri a aikace alhali tana da mugun hali a ka'ida ya daɗe yana damun masana, sai a 2001 Daniel Spielman da Shang-Hua Teng suka nuna cewa irin tarkon Klee da Minty ba ya jure ko ɗan girgiza alƙaluma, alƙaluman duniya kuwa ba sa rabuwa da girgiza.

Matsalar da ta fi tsaya wa Dantzig a rai ita ce ta rashin tabbas. An ɗauka kafintan nan ya san katako 40 za su zo kuma duk abin da ya yi zai sayu, amma tilas ya yanke shawara ranar Asabar alhali kasuwa ba za ta nuna halinta ba sai Juma'a. Tun 1955 ya wallafa maƙala a kan tsari mai mataki biyu: a yanke shawarar yau, a jera abubuwan da gobe za ta iya kawowa da gwargwadon yiwuwar kowanne, a lissafa kuɗin gyara in an yi kuskure, sa'an nan a zaɓi shawarar da ta fi sauƙin asara a jimlace. Shi da Allen Ferguson sun gwada wannan a kan raba jiragen sama ga hanyoyi alhali ba a san yawan fasinja ba. Wahalar ita ce abubuwan da gobe za ta iya kawowa suna ninkuwa kamar hanyoyin rabon mutum saba'in, injunan 1955 kuwa ba su da ƙarfin ɗaukarsu. Ya komo kan matsalar a shekarunsa na tsufa tare da ɗalibansa na Stanford, suna haɗa dabarar tsattsagawa da ta ɗiban samfur, suna gwadawa a kan tsarin samar da wutar lantarki. Yana da shekara 88 aka buga juzu'i na biyu na littafin da ya rubuta tare da Mukund Thapa, a 2003. Ya rasu a gidansa da ke Stanford ranar 13 ga Mayu, 2005, yana da shekara 90.